Hoton da na ɓata

Ni na fara lura cewa baƙin idon ɗana na hagu ya fi na dama faɗi. Amma ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane. Tun yaye yana ɗakin yayar mijina. Ita ke goya shi, ita ke ɓare masa lemun garin Timiya. Ko ranar zuwa likita, a bayanta ya tafi, ni ina biye da buta.

Lokotoron ido, wato likitar, ta sa aka fara goge masa kwalli, wai na'urar tana ruɗewa da baƙinsa. Yaya ce ta zizara shi da safe, sai na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini.

Na'urar kamar ƙaramin akwati take, da wurin ɗora haɓa. Lokotoro ta ce da wani haske take aiki wanda idon mutum ba ya gani, shi ya sa take ɗaukar hoto cikin duhu, lokacin da baƙin ido ya buɗe sosai. Ta ja labule, ta kashe wuta, da rana tsaka ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

“Wadda ya fi sabawa da muryarta ta tsaya bayana ta kira shi, don ya dubi gaba,” in ji ta.

Yaya ta wuce ba ta ko waiwaye ni ba. Ni na raɓe jikin bango. A gilashin na'urar na ga idanunsa manya, launin toka, suna kallon inda take. Tana ta kiransa, yana ta dariya.

Na ce a raina ai duhu ne. Sai na faɗi sunansa a hankali, karo na farko a rayuwata.

Idanun nan biyu suka juyo gefe, wajena.

“Wa ya yi magana?” in ji lokotoro. “Hoton ya ɓaci.”

“Ke ce, amarya?” Yaya ta tambaya. “Yau kuma kunyar a gida kika baro ta?”

Aka sake ɗauka. Lokotoro ta ce bambancin kaɗan ne, cikin haske da cikin duhu duk ɗaya, haka aka halicce shi.

Da za mu fita na dawo kamar na manta buta, na roƙi lokotoro in ɗauki ɓataccen hoton da wayar salulata. Yana nan har yau.