Bakin Tsakiya da Muka Ba Masallaci

Fitilun na fara gani. Ƙanana ne, koraye, a jere a goshin wani baƙin akwatin ƙarfe, suna hawa suna sauka daidai da kiɗan da ke tashi a shagon. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙullin lallen da Inna ta aike ni saye, na manta da motocin da ke wucewa a bayana. A Kwanar Dangora ne, a farkon shekarun casa'in. Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, ba ni da aikin da ya wuce karanta ƙananan littattafan soyayya da ake bayarwa haya a kasuwa. Duk abin da na gani sai na ɗaura masa labari. Fitilun nan, a raina, zuciyar wani ce take bugawa.

Yayana ne ya kawo ni. Ma'aikacin ruwa ne a dam ɗin Tiga, kusa da garinmu, kuma tun ranar da ya shiga falon wani injiniya a Kano ya ji ƙarar ruwan sama tana zubo masa ta bayan kunne alhali fim yake kallo, ya ƙudurta sai ya yi irinsa a ɗakinsa. Talabijin ya riga ya saya, da ƙaramin janareta. Saura amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya rarraba shi ga sifikoki.

Amma ba fim kaɗai ne a ransa ba. Yana neman 'yar ladanin garinmu, malamar firamare a Kiru, wadda ke zuwa gida ƙarshen mako. Tana sonsa, kowa ya sani. Ni kuwa har na gama tsara launin labulen ɗakinsu. Mahaifinta ne bai sake ba. Ya ji labarin sinimar da ake shirin kafawa, ya ce wa baffanmu shi dai yana dubawa tukuna, don ba ya son 'yarsa ta zauna a gidan da kiɗa ya fi karatu tashi.

Mai shagon ya ajiye mana guda biyu a kan benci. Ɗaya sabo ne dal, mai baki biyu, wato wurin ɗaura wayar sifika biyu kawai. Ɗayan, mai korayen fitilun, gwanjo ne daga waje, bakinsa biyar. Ya juyo mana bayan akwatin yana nunawa da tsinken ashana: biyu na gaba, biyu na baya, su ne ke sa mutum ya ji kamar a cikin fim ɗin yake zaune. Na biyar kuma, na tsakiya, shi ke ɗaukar maganar mutane.

Yaya ya sa ya maimaita. Mai shagon ya maimaita, ya ce duk abin da yake magana ce, ta nan take fita.

Na ga fuskar Yaya ta washe. A garinmu akwai abin da ba a rubuta ba amma kowa yana yi: wanda ya samu wani abu mai waya, masallaci yake fara ba rabonsa. Ka sayi janareta, ƙwan wuta na farko na masallaci ne. Ka ja famfo, sai ka fitar da kai ɗaya wurin alwala. Ba mai tilasta maka, amma in ka ƙi, za ka ji a bakin mutane. A lokacin kuma tsohuwar amfilifayar masallaci mai batir ta mutu, lasifikar da ke kan soro ta yi shiru, ladan ya koma kira da maƙogwaronsa, muryar ko bakin kasuwa ba ta kaiwa. Yaya ya yi lissafinsa a tsaye: huɗu na ɗaki, na maganar kuwa ai na ladan ne. Ya tambaya ko za a iya haɗa masa makirfo. Mai shagon ya ce me zai hana, ya kunna ƙarfensa na liƙa waya ya haɗa masa a take. Bai tambayi me za a yi da shi ba, Yaya ma bai faɗa ba.

A mota na riƙe akwatin a cinyata har gida. Ina jin nauyinsa ina cewa a raina, wannan shi ne babin da uban yarinya ke saukowa.

Haka kuwa aka fara. Aka kafa gorori, aka ja wayoyi daga ɗakin Yaya, suka haye katangar maƙwabta har masallaci, ɗaya ta makirfo, ɗaya ta lasifika, wadda aka ɗaura a bakin tsakiya. Injin bidiyo bai iso ba tukuna, an ba wani direba sautu daga Kano, don haka akwatin bai da aiki sai na salla. Lokaci na yi Yaya zai tayar da janareta, ko ni in ba ya nan. Ranar farko da ladan ya kira azahar, masunta suka ce sun ji shi tar a tsakiyar dam. Fulanin da ke ruga bayan fadama suka aiko masa da man shanu. Tsohon ya riƙa tafiya kamar an cire masa shekaru goma. Ya tare Yaya a zaure ya sa masa albarka, ya karɓi goron gaisuwa, ya ce wa baffa su zo da manya bayan kasuwa ta ci a tsayar da magana.

Bidiyon ya iso ranar kasuwar da hantsi, tare da kaset ɗin wani fim na Indiya.

Yaya bai iya jira ba. Ana idar da azahar ya zare wayar makirfo ya sa ta bidiyo. Mu huɗu ne a ɗakin: shi, da abokinsa na wurin aiki mai shegen tsokana, da gwaggonmu da ta zo cin kasuwa daga Bebeji, sai ni. Aka rufe taga, aka rataya bargo a ƙofa don duhu. Janareta yana ta ruri a bayan ɗaki.

Da kiɗan ya tashi, sai da tsikar jikina ta tashi. Ta gaba, ta baya, ta ko'ina. Tsawa ta faɗi a fim ɗin, Gwaggo ta waiwaya tana neman inda rufi ya tsage, muka yi ta dariya. Sai ga wata kyakkyawar mace ta fito cikin ruwan sama, ta buɗe baki. Ba mu ji komai ba. Leɓɓanta na motsi, kiɗa na tashi, magana babu.

"Ango," in ji abokin, "fim ɗin bebaye aka sayo maka?"

Yaya ya ce kaset ne bai zauna ba. Ya murɗa maɓallin sauti.

"Ƙara mata dai, wataƙila kunyar Gwaggo take ji."

Gwaggo ta ce ya rufe mata baki, ɗan nema, ita ta ga abin da matar ke nufi ko ba a faɗa ba. Yaya ya ƙara murɗawa. Korayen fitilun suka haye har suka taɓa ja. Ni kuwa har na fi son haka, ina sa mata kalmomi daga littattafaina. A fim ɗin aka shigo da wani a kan makara, matar ta zube ƙasa, ta yage baki iya ƙarfinta. Har jijiyar wuyanta muna gani, amma shiru. Yaya ya kai maɓallin ƙarshensa.

Sai aka fizge bargon ƙofa. Inna ce, ba mayafi, hannunta duk ƙullu. Ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ran nan. Nuni kawai ta yi da hannu sama. Haske ya shigo, tare da shi kuma wani ihu ya shigo daga waje, ihun mace, mai tsawo, mai girman da ba na ɗan Adam ba, yana saukowa daga kan masallaci a kan garin gaba ɗaya.

Wanda bai zauna a bakin dam ba ba zai gane ba. A wurinmu lasifikar masallaci ba ta magana a wajen lokacin salla sai abu uku: mutuwa, gobara, ko ruwa ya ci mutum. Kuma tun da aka ɗora ta, muryar mace ba ta taɓa fita ta cikinta ba.

Muka fito a guje, dukanmu. Har yau ina mamakin yadda ba wanda ya tuna ya kashe komai. Janareta na ruri, fim na tafiya, mu muna gudu zuwa inda kukan yake, kamar can ne za a tsayar da shi. Yaya ko takalmi babu.

Kasuwa ta watse. Na ga ƙwaryar nono a kife, farin yana bin rariya, mai ita ta ruga da goyonta. Na ga mahauci tsaye da wuƙa a hannu, bakinsa a buɗe. Mata sun fito ƙofofin gidaje suna salati, kowace tana kiran sunan ɗanta. Daga gangaren dam masunta ke hawowa a jiƙe, sun bar komarsu a ruwa. Wata tsohuwa da ɗanta ya fita kamun kifi tun safe ta zauna daɓas a tsakiyar hanya ta ɗora hannu a ka, ba ta sake motsi ba sai da aka yayyafa mata ruwa. Duk wannan kuma matar tana ta kuka a sama, cikin yaren da ba namu ba, sannan wani namiji ya amsa mata da tattausar murya. Nan ne wasu samari suka gane. Ɗaya ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama.

Dariyar ta fi kukan muni.

Ladan yana tsaye a gindin soro. Ya dubi taron, ya dubi lasifikar. Ya karɓi lauje a hannun wani mai ciyawa, ya jingina tsani ya hau, rigarsa tana harɗe masa ƙafa. Mutane suna Malam sauko, Malam bari yara su hau, bai ko waiwayo ba. Ya sa laujen ya datse wayar. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa.

Bai sauko ba. La'asar ta yi, ya tsaya nan kan soron ya sa yatsu a kunne ya kira salla da muryarsa. Rawa take yi, ta sarƙe masa a tsakiya, ya tsaya ya sake ɗauka. Da ya sauko, Yaya ya zube a gabansa cikin ƙasa yana rantsuwa bai sani ba.

"Na san ba ka sani ba," in ji shi, a hankali. "Amma tun kafin a haife ka nake kiran mutanen nan daga kan soron nan, in sun ji sukan taso. Yau sun taso, sun tarar da dariya. Gobe in na kira su, me za su tuna?"

Kafin magariba aka dawo mana da goron, a cikin kwanon da aka kai shi.

A littattafaina, nan ne yarinya take kwanta ciwo har uba ya sauko. Na jira hakan da gaske. Baffa ya je, liman ya sa baki, mai gari ma ya yi magana, tsohon ya ce ya yafe duniya da lahira, amma aure a bar shi. Yara sun riga sun samu abin wasa, in ya wuce sai a ji wani ya kwaikwayi kukan daga bayan katanga. Da malamar ta zo ƙarshen mako, ita da kanta ta aiko a kira Yaya zaurensu. Ni na raka shi. Idonta ya kumbura, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ba zan iya shiga ɗakin nan ba," ta ce, "Baba yana bin gefen hanya da kansa a ƙasa. Ka yi haƙuri."

Ban taɓa karanta irin wannan ba. Na dawo gida ina jin kamar ƙasa ta goce a ƙarƙashina.

Yaya ya nemi canjin wurin aiki ya koma wajen Doguwa. Akwatin ya zauna a ɗakin Inna, ta shimfiɗa masa ƙyalle ta jera kwanuka a kai. Ladan bai ƙara riƙe makirfo ba. Ko da aka yi wa masallaci sabuwar amfilifaya, sai ya bar wa wani kiran, ya koma sahu.

Na sake ganin malamar bayan shekaru masu yawa, a wani suna a Tudun Wada. Ta zama shugabar makaranta, ta auri wani mai sayar da hatsi, 'yarta ta fari har ta isa aure. Ita ta gane ni. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi Yaya da iyalinsa, ba ta kauce wa komai ba. Ta ce makarantarta babba ce, iyayen yara sun sha cewa za su sa mata lasifika don taron safe, tana ce musu a yi wani aikin da kuɗin.

Ana cikin haka lasifikar masallacin unguwar ta yi 'yar ƙarar nan da take yi kafin ladan ya fara. Na ga ta ajiye cokali, ta tsaya cak da kanta a karkace. Sai da ta ji kabbara ta fito, muryar namiji, sannan ta sauke numfashi ta ci gaba da cin abincinta.