Ranar da Madam Solange Ta Sauko Daga Bene

Kowace safiya, kafin Josiane mai gidan burodi ta gama jera zubin farko, za ka ga Madam Solange Perrenot ta ɓullo ta lungun bayan kasuwa, rigar sanyi har wuya, tsofaffin takalma a jaka, ƙaton makulli a hannu. Takan leƙa ta ce, "Josiane, ajiye min mai ƙonannen gefen nan."

"Madam, ni fa ban taɓa ƙona burodi ba."

"To na jiya wa ya gasa?"

Daga nan sai cocin garinmu, Saint-Orvain. Ta buɗe 'yar ƙofar gefe, ta hau matakalar dutse mai murɗewa zuwa benen da ogan yake, wato ƙaton abin kiɗan coci mai aiki da iska, ta sauya takalmi, ta kunna injin iska, ta zauna. Ba a daɗewa tagogin gidajen kusa su fara rawa. Sama da shekara arba'in da haka garin nan yake farkawa.

Ogan ɗin namu gini ne guda, bututayensa wasu kamar yatsa, wasu sun ninka mutum tsawo. Ita Dattijo take kiransa. Hannu biyu suna kan maɓallai, ƙafa biyu suna taka katakai a ƙasa, mai kiɗa kuma ya ba jama'a baya, ba ya ganin kowa sai ta wani madubin mota da aka ɗaura a gefe. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. A wurin zaman makaɗi, sautin ta saman kai yake wucewa ya tafi cikin coci. Abin da ke isa kunnenta rabinsa ƙarar katako ne da hucin iska. Ko ɗalibi take koyarwa, a gefensa take zama. Mai girkin ba ta taɓa zama a inda ake cin abincin ba.

Amma ta wannan madubin ta ga abin da masu ido biyu ba su gani ba. Ranar auren 'yar Lucien manomi, uban ne ya riƙo hannun amarya, ga shi yana ɗingishi tun da saniya ta take shi, kunya duk ta cika shi. Madam ta hango, nan take ta karya kiɗan ta sa masa 'yar tangarɗa daidai da takunsa. Wallahi sai ka ce rawa yake yi. Har yau Lucien yana cewa bai taɓa tafiya mai kyau irin ta ranar ba. Kiɗan da ta tsara da kanta kuwa, wanda ta sa wa suna Saukowar Shanu, kana jin sa kana ganin garke yana gangarowa daga dutse da ƙararrawa a wuya. Da shi muke fita daga coci duk ranar biki, da shi kuma muka raka iyayenmu da dama makwanci.

Madam, ke ce kika koyar da rabin garin nan waƙa a makarantar firamare, har da waɗanda muryarsu ke korar kaji. Ke ce kike buɗe benen nan duk Laraba ga duk mai so, ba ki tambayar ɗan wane ne, ba ki tambayar ko yana zuwa coci. Ɗalibanki sun watsu Lyon da Paris, wasu har sun yi suna. Ke kika zauna, ke da Dattijo da sanyin bene.

Matsalar ke nan, duk sun tafi. Bara gwiwarta ta ce ta gaji, likita ya ce daga bikin Ista ba ita ba matakala. Fada Anselme, limamin cocin, mutumin kirki ne amma ƙauyuka da yawa ke kansa, ya ce in babu makaɗi zai sa lasifika mai kiɗan da aka naɗa. Magajin gari, Musyu Cuenot, wanda ya yi rantsuwa ba ya taka coci ko da ruwa ake yi, ya ce ogan dai kayan gari ne, amma majalisa ba za ta ci gaba da gyaran abin da ba a kaɗawa ba. Ogan kuwa in aka bar shi shiru, fatarsa tsagewa take yi, ɓeraye su tare a ciki. Madam ta san in ta sauko ba magaji, ta sauko ke nan da Dattijo gaba ɗaya.

Magaji akwai shi, sai dai da sauran rina a kaba. Régis Monnier ne, direban tankar madara, ɗan shekara hamsin, mai ƙafa kamar faranti. Wata rana ya hau benen don ya ɗaure mata madubin, ya ɗora yatsa a kan maɓalli, shi ke nan ya kamu. Shekara goma yana koyo. In shi kaɗai ne da Madam, kiɗansa na sa tsigar jiki tashi. Amma ko mai shara ce ta shigo, hannunsa sai ya hau karkarwa. An taɓa gwada shi a wata Kirsimeti, ya hango jama'a a madubi, ya daskare, ya gudu ya bar hularsa.

"Madam, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ni shanu kawai na iya yin abu a gabansu."

"Na ji, ɗana. Zauna ka yi min daga farko."

Ba ta yi masa wa'azi ba. Da sanyi ya shigo, ranar wata Alhamis da yamma, lokacin da yakan zo gwaji bayan ya sauke madara, sai ta rataya gyalenta a kan madubin, wai haske na damun idonta. Ta kulle babbar ƙofa a gabansa da ƙara, ƙaras. Makullin ƙofar baya kuwa yana aljihun Josiane.

Ranar farko Josiane ce kaɗai ta shigo, takalmi a hannu, tana sanɗa. Mako na gaba ta zo da mutum uku. Doka ba yawa: a cire takalmi tun daga waje, a kashe waya, ba tari, kuma da an ji Madam ta ce "Saura sau ɗaya," kowa ya sulale. Kafin Janairu ya ƙare kujeru sun fara cika, ni ma ina ciki, ƙafafuna sun sha sanyin dutse. Wata rana muka waiga sai ga magajin gari, safa da huda, babban yatsa a waje. Josiane ta raɗa masa, "A'a, Musyu, an tuba ke nan?" Ya haɗe rai ya ce, "Ni ba coci na shigo ba. Kayan gari na zo dubawa."

Sau ɗaya asiri ya kusa tonuwa. Tari ya ƙwace wa Lucien. Kiɗa ya tsaya cak.

"Madam, wane ne?"

"Tattabaru ne."

"Tattabara tana tari?"

"A wannan sanyin? Jiya har atishawa na ji ɗaya ta yi. Ci gaba."

Mu da ke ƙasa kowa ya cusa hula a baki. Garin da ba ya iya riƙe sirri daga kasuwa zuwa gida ya riƙe wannan har wata biyar.

Ranar Ista coci ya cika har waje. Régis ne ya tallafa mata ta hau, ya tsaya a gefenta yana juya mata shafi kamar yadda ya saba. Ta kaɗa dukan sujadar. Da aka zo kiɗan fita, sai ta cire takalmanta na kiɗa ta ajiye, ta zare gyalen daga madubi, ta damƙa masa makulli a tafin hannu, ta ce, "Saukowar Shanu." Kafin ya buɗe baki ta kama bango ta fara sauka, da safa kawai.

Ta daɗe tana saukowa. Mu muna jira, sama shiru. Ta iso, ta ratsa, ta zauna a tsakiyar coci kusa da Josiane. Har yanzu shiru. Na ga Fada ya saci kallon akwatin lasifikar da aka kawo don gwaji.

Madam ta ɗaga kai. "Régis! Me kake jira?"

Muryarsa ta sauko daga bene. "Madam, mutane..."

"Waɗanne mutane? Dubi madubin da kyau."

Josiane ta sunkuya ta cire takalmanta ta ɗaga sama. Lucien ya ɗaga nasa. Kafin ka ce kwabo coci ya zama dajin takalma, har da na magajin gari daga bakin ƙofa.

"Duk ranar Alhamis suna nan," in ji Madam. "Tun Nuwamba suke jin ka. Ba wanda ya mutu."

Sai Régis ya leƙo ta saman katangar bene, fuska ja wur. "Har da tattabarar mai tari?"

Lucien ya ce, "Ga ni nan, yaro!"

Dariyar ba ta gama lafawa ba muka ji Dattijo ya ja numfashi. Ƙararrawar farko ta fito can nesa, ta biyu ta amsa, sannan manyan bututaye suka buɗe, garke ya gangaro. Ni ban kalli sama ba, Madam nake kallo. Ta kafa tafin ƙafarta a dutse, dutsen yana rawa a ƙarƙashinta. Bakinta a buɗe kamar yarinya. Hawaye suna zuba ba ta ko share ba.

Da aka gama ta damƙi hannun Josiane. "Ashe haka kuke ji?"

"Haka muke ji, Madam."

"Shekara arba'in kuna shan wannan daɗin, ba wanda ya hau ya gaya min?"

"Da mun gaya miki da kin sauko. Sai wa ya kaɗa mana?"

Madam Solange, yabon gwani ya zama dole. Mun gode da aurarrakinmu da kika yi wa ado, da mamatanmu da kika raka, da 'ya'yanmu da kika buɗe wa baki. Mun gode da ba ki bar Dattijo maraya ba. An mayar da lasifika, majalisa ta sa hannu a gyara. Duk mai wata sana'a a hannu ya dubi matar nan: kada ka jira gwani ya faɗo daga sama, ka riƙe wanda ke gefenka ko da hannunsa na rawa, in ta kama ka rufe masa madubi har ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu ba ta hawa bene. In ka shigo Saint-Orvain ranar Lahadi, za ka ga wata tsohuwa a tsakiyar coci, takalmanta a gefe, idonta a rufe. Kada ka gaishe ta sai kiɗa ya ƙare. Mu mun daɗe muna sha, ita yanzu ta fara.