Ruwan da Suka Ƙi Sha

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi lalube kafin in kamo. Amma zuwan mutanen jami'a gidanmu na unguwar Dala a Yerwa ba zai bar raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Shekarata uku a ɗakin miji, ina goyon 'yata ta fari. Surukina, wanda duk muke kira Baba, Bakano ne da fataucin fata ya kawo shi Yerwa har ya zauna. Abin alfaharinsa a duniya shi ne rijiyar tsakar gidanmu, ko baƙo ya yi sai ya kai shi ya leƙa ta.

Wata hantsi mai unguwa ya yi sallama tare da mutum biyu, wani Bature dogo da wani saurayi ɗan Arewa mai tabarau. Aka ce daga wata jami'a mai nisa suke, suna binciken ruwan da mutane ke sha. Maigidana yana kasuwa, don haka ni Baba ya sa na lulluɓe na ja musu guga. Suka cika 'yan kwalabe, suka yi rubutu a jikinsu. Sai na ga saurayin ya taka daga bakin rijiya zuwa masai yana ƙirga sawunsa. Ya dawo ya faɗa wa Baturen wata magana da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na ga yadda saurayin ya ɓata fuska.

Baba ya ce in dama wa baƙi fura. Na dama da ruwan rijiyar nan, na zuba nono har da ƙari. Saurayin ya dubi ƙwaryar, ya ture ta gefe a hankali.

“Mun ƙoshi, Baba, mun gode,” in ji shi. Bai yi minti biyu ba ya jawo gorar ruwansa daga jaka ya kafa kai.

Abin ya tsaya mini a rai. Daga bayan zana na ce, “Malam, ruwan dai lafiya ko?”

Baba ya juyo a fusace. “Ke, yaushe aka fara tsare baƙo da tambaya? Mai ilimi in ya ga abu, da bakinsa zai faɗa.”

Saurayin ya gyara tabarau ya ce, “Sai an kai an auna, Baba. In Allah ya yarda za mu dawo mu yi muku bayani.” Na ja bakina na yi shiru, kunyar suruki ta rufe ni. Har yau ina jin haushin kaina a kan shirun nan.

Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ba su ba labarinsu. Baba kuwa sai murna. Cewa yake mugun labari ba ya kwana a hanya, da akwai matsala da tuni sun aiko, ai shiru ma magana ce. A ganinsa ba yadda za a yi mutum ya shiga gidanka, ya ci goronka, ya ga abin da zai cuce ka, ya tafi bai faɗa ba. Nan da nan zance ya bazu cewa masana sun auna rijiyarmu. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya, kullum sai ta shigo da tulu ta gaishe ni da yarensu tana cewa, “Wushe amarya, a sam mana na rijiyar masu ilimi.”

Da damina ta kankama na yaye yarinyar. Ba a yi sati biyu ba amai da gudawa suka kama ta. Leɓɓanta suka bushe, idanunta suka faɗa, ba abin da take nema sai ruwa. Ni kuwa in ta miƙo hannu sai in ɗebo mata daga randa, ruwan rijiyar nan, in ɗura mata da hannuna. Rana ta uku bayan la'asar ta cika a cinyata. Saboda kunyar 'yar fari ko sau ɗaya ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ko kuka ban samu na yi a gaban mutane ba. A satin aka binne jikan tsohuwar nan. Muka ce kwana ne ya ƙare, muka yi haƙuri.

Shekaru suka ja, famfo ya zo unguwa, aka daina jan rijiyar, Baba ya rasu. Ɗan da na haifa daga baya ya girma, Allah ya kai shi wannan jami'ar karatu. Wani hutu ya dawo da wata takarda da ya kwafo da hannunsa, ya ce, “Inna, zauna in karanta miki wani abu.”

A ɗakin karatu ya tsinci littafin binciken, da alama ba mai buɗe shi. Ga zanen unguwarmu, ga rijiyarmu a ciki. An rubuta ƙarara cewa ƙazantar masai tana tsiyaya cikinta, kada a sha sai an tafasa. Kuma sun gama awon tun kafin waccan daminar ta faɗi.

Na ce, “Tafasawa kawai?”

Ya sunkuyar da kai. “Tafasawa kawai, Inna.”

Itace jibge a gidanmu, murhuna ba ya mutuwa. Magana ɗaya ce, da za a iya aiko mai unguwa da ita, ko direban wata motar kaya. Ranar na yi kukan da na haɗiye shekara da shekaru. Na kuma gode wa Allah da Baba bai kai ga jin wannan ba, don da baƙin ciki ne zai yi ajalinsa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban ja da ikon Allah ba. Amma ban yafe wa saurayin nan ba, shi da ya san harshenmu, ya ga goyo a bayana, ya kare cikinsa ya bar namu. Abin da na koya shi ne, ilimin da aka ɗiba a gidan mutane amana ce, sai an mayar musu da harshen da suke ji. Kuma tun daga ranar na daina kunyar tambaya. Duk mai takarda da ya shigo gidana da bincike, a zaure nake tsare shi, ba zai fita ba sai ya gaya mini abin da ya gani.