Farar Tarwaɗa a Tashar Ɗanbatta

A tashar Ɗanbatta na kamfaci ruwan bokitin wani tsoho na wanke fuska, zarni ya doke ni. Ashe ruwan da ya kwashe wa kifinsa ne.

Tarwaɗa ce guda, fara sol, tana lilo a baho kamar gajimare. Tsohon yana durƙushe, riga duk faci, yana shinshina ruwan, yana tsiyaya sabo a hankali. In ya makara, fitsarinta ne ajalinta, ga rijiyoyi sun ƙafe. Wataƙila masunci ne da ruwa ya janye ya bari.

Na ce, "Baba, a wannan yunwar, ai tukunya ce gidanta."

Bai ɗago ba. "Shekara uku muna tare, ba ta taɓa ba ni shawarar banza ba. Matsa, Malam, kana tare mata iska."