Allon da Inna Ta Sa Aka Rubuta

Mu huɗu ne a cikin wannan al'amari: ni, da na dawo Matameye daga jami'a da takardar shaida babu aiki, da yayana, mai zuwa cin rani Kano, da Kawu Alhaji, ƙanen mahaifiyarmu, ɗan kasuwa a Damagaram, sai Inna, wadda ta haife mu. Na biyar ɗinmu, mahaifinmu, ba ya nan. Ya tafi cin rani kudu kamar yadda ya saba, damina ta sauka bai dawo ba, wasu suka biyo bayanta, kuma babu wanda ya zo da labarin ransa ko na mutuwarsa.

Daminar da ta gabaci hawan sojoji mulki ta gaza, gero ya ƙone a tsaye tun bai fid da kai ba. A cikin wannan hali yayana ya zo da tsofaffin na'urori masu ƙwaƙwalwa biyu da injin buga takarda, don mu buɗe shago. Kawu ya ara mana ɗaki a bakin titin da ya nufi Ɗan Barto. Inna ta sayar da tumakinta bakwai, waɗanda dama sun koma ƙashi da fata, aka ja mana wuta. Abin da ya rage suna ne, domin a ofishin farefe, wato shugaban gundumarmu, an ce ba a ba da izini ga shagon da ba shi da suna.

Ni na riga na tanadi nawa, na Hausa tsantsa, babu kalmar aro ko ɗaya. Da na karanta musu shi a tsakar gida, yayana ya tuntsire da dariya.

"Malam na jami'a! Kafin mutum ya kai ƙarshen wannan allo, motarsa ta isa Kano. A sa Faransanci, shi ma'aikata ke girmamawa."

"Dukanku yara ne," in ji Kawu. "Shago sunan albarka ake sa masa, na Larabci. Wa ya taɓa cin riba da nahawu?"

Inna tana gefe tana tsince ganyen tafasa, wanda shi ne abincinmu na ranar. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "A sa sunan mai gidan nan."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan mahaifinmu a bakinta ba. Kunya ce irin ta matan zamaninta. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan sai ta laƙaba masa wani.

"Har da laƙabinsa," ta ƙara.

Laƙabin nan abokan dako ne suka sa masa a tasha, kalma ce ta barkwanci wadda ba ta cikin kowane ƙamus. Na ce, "Inna, shagon na'ura ne fa, ba teburin mai shayi ba."

"Duk motar da ta fito daga Najeriya ta ƙofar nan take bi. Ni ban iya karatu ba, amma matafiya sun iya. Wanda ya san shi a can, da wannan sunan ya san shi."

Kawu ya sassauta murya. "Yaya, in labarin ya zo ba yadda kike so ba fa?"

"Ya zo dai."

Haka aka rubuta, da jan fenti, manyan haruffa. Ranar da aka kafa allon ta sa na nuna mata inda sunan ya fara da inda ya ƙare.

Ciniki bai zo ba. Wanda yake cin abinci sau ɗaya a yini ba ya neman a buga masa takarda. Ɗan aikin da muka samu na masu unguwanni ne daga Icirnawa da Kurni, masu rubuta koken neman hatsi, shi ma sai in an kawo wuta. Inna kuwa kullum bayan la'asar tana gindin dogon yaro a ƙetaren titi, tana kallon fuskokin mutanen da ke saman manyan motoci, ko akwai wanda idonsa zai tsaya a kan allon.

Ana gab da shuka, jandarmomi suka tsare wata babbar mota a kusa da mu suna bincike. Wani dattijo ya sauko, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi sallama.

"Samari, ɗan mai sunan nan ne kai? Mai guntun ɗan yatsa a hannun hagu?"

Na ce ni ne.

"Allah ya jiƙansa. Kun kyauta da kuka tuna da shi. Da hannuna na sa shi a kabari."

Ya ɗauka mun sani. Ya ce zazzaɓi ne, tun ranin farko, a wani kango da 'yan dako suke kwana. Kowa ya san laƙabinsa, babu wanda ya san garinsu.

Ban ga lokacin da Inna ta ƙetaro titi ba. Tambaya ɗaya ta yi masa: "An yi masa salla?"

"An yi, baiwar Allah. Sahu biyu."

Ta ce alhamdulillahi. Sai ta juyo gare ni. "A sauke allon. Ya gama aikinsa."

Malamin unguwarmu ya ce kwanakin takabarta sun wuce tun ba ta sani ba. Duk da haka ta shiga ɗaki ta zauna. Babu wanda ya sake tayar da zancen sabon suna. Kafin sabon gero ya nuna, yayana ya mayar da na'urorin Kano ya dawo da dawa, Kawu ya zuba buhunan gishiri a ɗakin.

Ga lissafin abin da muka rasa: tumaki bakwai. Na'urori biyu da injin buga takarda. Shago ɗaya. Uba ɗaya.