Kukar da Baba Ya So Ya Tuge

Sanyin Madina ba ya daɗewa, amma yana shiga ƙashi. A gidanmu na unguwar Al-Sih, idan ya kama, tsarin yamma ɗaya ne: a yi magariba, a ci abinci, a hura gawayi a kasko, sannan Kaka ta buɗe baki. Ba a tsallake ko ɗaya.

A tsakar gida akwai 'yar kukarta cikin rabin ganga. Ƙanwarta ce ta kawo mata irin lokacin da ta zo aikin Hajji, kuma shi kaɗai ta mallaka daga garin da aka haife ta. Wata shekara ganyen ya zube kaf. Babana haifaffen Madina ne, bai san kuka ba sai a miya. Ya ce gobe za a tuge ta.

"Halas, shi ke nan, ya ummi, ta mutu."

"Kai ka yi mata wanka?" in ji Kaka. "Zauna nan. Tatsuniyar yau taka ce."

Ta ce wata rana sanyi ya aika wa daji cewa yana tafe, fari na biye da shi, kowa ya yi ta kansa. Da farko shamuwa ta yi ƙaura. Na biyu tururuwa ta cika rumbu. Na uku gaiwa, kifin nan, ta shige laka ta rufe ƙofa. Saura kuka, ba ƙafa, ba fiffike. Sai ta zubar da ganyenta, ta ɓoye ruwa a cikinta, ta yi tsit. Kura ta gan ta tsirara, ta yi shelar rasuwa, ta zauna jiran tuwon sadaka.

"Har yau tana can zaune," in ji Kaka, tana kallon Baba.

Muka ƙunshe dariya. Ta miƙe da kyar, ta ja hannunsa kamar ƙaramin yaro, ta kankare ɓawon kukar da farce. Ƙarƙashinsa kore shar. Baba ya gyara mata mayafi. Da zafi ya dawo, ganye ya fito.

Ni mutum ne mai saurin yanke hukunci, na san halina. Ɗana ya girma ina yi masa Hausa yana amsa mini da Larabci, har nakan ji kamar in haƙura. Ban haƙura ba. Ban san abin da ya adana a ciki ba, kuma ba a lokacin shirunsa zan sani ba.