Allurar Yaya da Zancen Yis

A duk tarihin yaudara, ban san wanda aka yi wa wayo cikin ladabi kamar yis ba. Garin nan da mai fanke ke barbaɗawa a ƙullu, shi masana suka ɗauka aiki ba tare da sun sanar da shi ba. Na karanta labarin a wata mujallar kimiyya lokacin ina koyar da ilimin halittu a Kazaure, kuma da na bar shi a mujallar da ya fi mini.

Ga abin da na karanta. Idan ƙwayar yis tana neman abokin barbara, takan fitar da wani sinadari na kira. A goshin sinadarin akwai ɗan guntu mai aikin adireshi a bayan ambulan, shi ke sa ƙwayar ta tura saƙon waje. Masana suka ciro guntun, suka manna shi a jikin insulin, maganin ciwon suga. Yis ya yi ta fitar da magani yana zaton zance yake aikawa.

Irin wannan ilimi ba ya zama lafiya a cikin malamin makaranta. Na zuba wa 'yan aji, suka yi hamma. Sai na kai shi Gwiwa.

Yayana manomi ne a can, kuma likita ya ɗora shi a kan allurar insulin. Yana binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, bai taɓa tsallake rana ba. Ran kasuwa na je gaishe shi, na tarar ya gama allurar yana sauke riga.

Na ce, "Yaya, ka san wa ya haɗa maka maganin nan?"

"Turawa mana, Malam. Ko kai ne?"

Na gyara zama na kwashe masa komai, har da zane a ƙasa.

Ya ce, "Dakata. Yis ɗin da ake burkutu da shi?"

"Shi ne kuma na burodi, Yaya."

"Burodi ci nake, ba a jini nake zuba shi ba. Ka kuma ce na barbara?"

"Guntun kawai, shi ma yanke shi ake yi kafin..."

"Ashe abin da ake biyan ka ka koya wa 'ya'yan mutane ke nan."

Ya yi dariya, na yi. Na hau babur ina jin na nishaɗantar da mara lafiya.

Sai bayan wata biyu matarsa ta aiko mini. Tun ranar bai sake taɓa allurar ba, ya koma shan tafasasshen ganye. Ya ce ba zai tsaya salla da wannan abu a jininsa ba. Na koma na ƙara bayani, kowane bayani kuwa ƙara masa hujja yake yi. Limamin unguwarsu ne ya kashe maganar a taƙaice: magani ne, ba ya sa maye, ya ci gaba.

Ya ci gaba, amma a lokacin ƙayar da ya taka a gona ta riga ta zama gyambo. A asibiti a Kazaure aka yanke masa yatsu biyu na ƙafar dama. Gonarsa ta nesa yanzu wani ke noma ta. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, har yau Malam yake ce mini, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da aka sallame shi ina tattara kayansa, sai na warware 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin, mai ƙananan rubutu, na sa tabarau na karanta. Kamfanin da ke yin allurar Yaya da wasu ƙwayoyin halitta daban, bakteriya, yake aiki. Babu yis a cikinta.